Usyk ya doke Joshua sau biyu, me ya sa har yanzu Joshua ake so?

Tambaya: Baba, barka da warhaka. A fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maraɗi, wani musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Usyk ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Tyson Fury sau biyu, amma in ka shiga gidan kallo hoton Joshua ne a bango, yara kuma ko sunan Usyk ba su iya faɗi ba. Wasu sun ce don Joshua baƙar fata ne, wasu sun ce don jinin Najeriya ne, wasu sun ce Turawan Ingila ne ke kambama nasu. To ƙasar ɗan dambe da al'adar mutanensa ne ke ba shi farin jini, ko kuwa hannunsa?

Amsa: Ɗana, barka kadai. Ka gaida mini ƴan fada, ka ce musu dukansu ukun suna da rabon gaskiya. Hannu shi ke ba ɗan dambe kambu, wannan babu ja. Farin jini kuwa daga wani wuri yake fitowa, daga jama'ar da za ta miƙe ta ce wannan namu ne. Na fi shekara 50 ina bin damben zamani, na kuma ɗaura wa yara safa na tsaya musu a horo shekaru masu yawa, ban taɓa ganin an so ɗan damben babban nauyi, wato ajin ƙattin da suka fi kowa nauyi, don gwaninta kaɗai ba.

Ba sai mun je Landan ba, mu tsaya a gida tukuna. Tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, Kantu ya ɗauko takobin farko ya kawo Maraɗi, har filin kokawar garin nan ya ci sunansa, ka taɓa ganin ɗan Maraɗi ya zauna gaban tele yana auna wa ya fi iya kaye tsakanin namu da na Doso? Kowa ya san Isaka Isaka gwani ne, wanda ya ɗauki takobi shida ba a yi masa gardama. Amma ranar da ya haɗu da ɗan Maraɗi, duk garin nan addu'a ɗaya yake yi, daga Mokoyo har Ali Ɗan Sofo. A damben gargajiya ma haka ne, ɗan Kudu na Kudu ne, ɗan Arewa na Arewa, Guramaɗa na Guramaɗa. Ka ƙara da makaɗi. Shago ya yi kisa ba adadi, amma akasarin masu ambaton sunansa yau ba su taɓa ganin ya sa zare ba, waƙa ce ta kai musu shi har cikin ɗaki. Akwai waɗanda suka yi zamani da shi, masu hannu, da ba su sami mai yi musu kirari ba, aka binne sunansu tare da su. In ka riƙe waɗannan biyun, jama'a da makaɗi, ka riƙe amsar tambayarka.

Yanzu mu je ga Joshua. An haife shi a Watford, kusa da Landan, a 1989, asalin gidansu Shagamu ne a jihar Ogun. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2012, kuma a Landan aka yi su, gaban mutanensa, a tele ɗin da kowane gida ke kallo. Tun bai fara damben kuɗi ba ƙasa guda ta riga ta san fuskarsa. Ingila kuwa ƙasa ce da dambe ya zama musu kamar ƙwallo, a cika mota a tafi fili, a yi ta waƙa tun kafin ƴan dambe su fito. Ran 29 ga Afrilu 2017, da ya kara da Wladimir Klitschko a filin Wembley, mutum 90,000 ne suka shiga. Ya sha ƙasa a turmi na shida, ya tashi, ya gama da Klitschko a na goma sha ɗaya. Daren nan ne ya gina masa sunan da yake ci har yau. Sannan ga gida na biyu, Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ga taswirar Afirka zane a kafaɗarsa, ga shi ya kai wa Shugaba Buhari kambunansa a Landan a farkon 2020 ya kwanta ya gaishe shi yadda Yarabawa ke gaida manya. Mu nan da Jibiya tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya, abin da Katsina da Kano suka kalla a waya shi ke shigo mana. Uwa uba yana jin Turanci, harshen da manyan tashoshin dambe da dillalansa ke kasuwanci da shi. Makaɗan zamani ke nan, tele da jarida da Facebook, kuma duk a bayansa suke.

Amma kada ka ɗauka girman ƙasa ne kawai. Deontay Wilder Ba'amurke ne daga Alabama, ƙasarsu ta ninka Ingila yawan jama'a wajen sau biyar. Ya riƙe kambun WBC, ɗaya daga cikin manyan kambuna huɗu na duniya, daga 2015 zuwa 2020, ya kare shi sau goma. Kafin haɗuwarsa ta farko da Fury ya yi wasa 40 ya ci duka, 39 daga ciki kisa ne. Da a ce hannu ke kawo farin jini, da babu kamarsa. Duk da haka wasan nasu na Disamba 2018 a Los Anjalas bai tara mutum 20,000 ba, alhali Fury ɗin nan da ya koma gida ya kara da Dillian Whyte a 2022 mutum 94,000 ya tara a Wembley. Dalili shi ne zuciyar Amurkawa ta bar babban nauyi. Yaro mai tsawo da ƙirar jiki a can yanzu ƙwallon kwando yake zuwa ko ƙwallon Amurka, inda akwai makaranta kyauta da albashi ba tare da an farfasa masa fuska ba. Kuma tun da aka mai da manyan wasanni sai ka biya kafin ka kalla, talaka ya daina sanin zakaransa. A da Amurka ce ke riƙe da wannan aji kusan ƙarni guda. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991 ƙattin can suka sami damar shiga damben kuɗi, har ta kai a 2006 manyan kambuna huɗun duk suna hannun mutanen tsohuwar Sobiyat: Klitschko, Maskaev, Valuev da Liakhovich. Amurkawa suka ce dambe ya mutu. Bai mutu ba, ƙaura ya yi daga gidansu.

Labarin Lennox Lewis ya fi kowanne ba ni tausayi. A ganina yana cikin mutum biyar mafiya gwaninta da aka taɓa yi a wannan aji. Sau biyu kawai aka doke shi a damben kuɗi, kuma duka biyun ya rama. A Landan aka haife shi, amma yana shekara 12 ya koma Kanada wurin mahaifiyarsa, ya ci wa Kanada zinariya a 1988, sannan ya dawo Ingila ya ce shi nasu ne. Ingilishi suka saurari bakinsa suka ji muryar ƙetare. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda suke so shi ne Frank Bruno, mai dariya da ƙarfi, mai fitowa a wasannin barkwanci na tele, wanda ya nemi kambun duniya sau uku yana faɗuwa kafin ya samu a na huɗu a 1995. Lewis ya doke Bruno a 1993 a turmi na bakwai, amma bai ƙwace masa masoya ba. Bruno kuwa ko ya faɗi sai ƙauna ta ƙaru, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Takardar ƙasa iri ɗaya suke riƙe da ita, launin fata ɗaya, iyayensu duka daga tsibiran Karibiyan. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya tashi a gabansu, ɗaya ya tashi a wani wuri. Sai da Lewis ya haɗe kambuna a 1999 sannan suka rungume shi sosai.

Ƴan gidan Klitschko, Vitali da Wladimir, su kuma akasin haka suka yi. Ƴan Yukren ne, suka zauna Jamus, suka koyi Jamusanci, suna da digirin dakta su biyun, ba zagi, ba hayaniya, ba faɗa a wurin awo. Irin mutumin da Bajamushe ke girmamawa ke nan. Suka riƙa cika filayen ƙwallo a Jamus shekara da shekaru, Wladimir ya riƙe kambu daga 2006 har 2015. A Amurka kuwa ana cewa dambensu na sa barci, don Wladimir tsayawa yake nesa ya yi ta tsikarar ka da hannun gaba, in ka matso ya rungume ka, sai ka gaji ya saukar da dama. Dambe ɗaya, Bajamushe ya ga hankali da tsari, Ba'amurke ya ga tsoro.

Maganar launin fata da abokanka suka kawo ba ƙarya ba ce, kuma tsohuwa ce. Jack Johnson shi ne baƙar fata na farko da ya ci kambun babban nauyi, a Disamba 1908 a Ostareliya. Fararen Amurka suka rasa sukuni, suka shiga neman farin da zai karɓo musu, har suka tado tsohon zakara Jim Jeffries daga ritaya. Ran 4 ga Yuli 1910 Johnson ya lallasa shi, a daren aka yi tarzoma a garuruwa da dama, aka kashe mutane, akasarinsu baƙaƙe. Bayan Johnson sai da aka yi shekara 22 ba a ga wani baƙi da wannan kambu ba. Da Joe Louis ya taso masu kula da shi suka kafa masa dokoki, kada ya yi murna a kan wanda ya kayar, kada a ɗauke shi hoto da farar mace, duk don kada a tuna da Johnson. Har a 1982 abin bai gushe ba. Larry Holmes na riƙe da kambu, ba a taɓa doke shi ba, aka kawo Gerry Cooney, fari, wanda bai kai shi komai ba, aka yi ta tallan shi. A daren wasan aka fara kiran sunan Holmes kafin na Cooney, alhali al'adar dambe zakara ake kira a ƙarshe. Holmes ya gama da shi a turmi na goma sha uku.

Shi Joe Louis ɗin abin da ya juya masa zukatan fararen Amurka tuta ce. Max Schmeling na Jamus ya doke shi a 1936, gwamnatin Hitler ta ɗauki abin ta mai da shi hujjar fifikon jinsinsu. Da suka sake haɗuwa ran 22 ga Yuni 1938 a Niyok, yaƙin duniya na ƙaratowa, Louis ya gama da shi cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu. A ranar ya zama gwarzon ƙasa, a ƙasar da akwai gidajen abincin da ba zai iya zama ya ci ba. Schmeling kuwa, da aka yi masa fentin ɗan Nazi, bai taɓa shiga jam'iyyarsu ba, manajansa Bayahude ne, har ya ɓoye wasu yara biyu Yahudawa a ɗakinsa lokacin da ake farautarsu. Daga baya shi da Louis suka zama aminai. Ina kawo wannan ne don ka ga yadda ƙasa ke ɗora wa mutum kayan da bai ɗauka da kansa ba.

Amma duk wanda ya ce maka fata ce ko takardar ƙasa ce kaɗai, ka kai shi Kinshasa. Ran 30 ga Oktoba 1974, shekarar da Kunce ya karɓi mulki a Nijar, muna fama da ragowar fari, Mobutu, shugaban ƙasar Zayar, ya ɗauki nauyin wasan Muhammad Ali da George Foreman, kowannensu aka yi masa alkawarin dala miliyan 5 ta Amurka. Wajen ƙarfe huɗu na asuba aka yi shi don ya dace da daren Amurka. Ina yaro a lokacin, tele bai zo mana ba, da safe labari ya iso ta rediyo, na ga dattawan da ba su san ko turmi nawa ake yi a damben Turawa ba suna yi wa juna barka a ƙofar masallaci. Ka duba mutanen biyu. Duka Amurkawa, duka baƙaƙe, Foreman ma ya fi Ali duhu. Foreman ne zakara, yana shekara 25, ya ragargaza Joe Frazier da Ken Norton kowanne cikin turmi biyu, su kuwa duka sun taɓa doke Ali. Duk da haka ƙasar Zayar kaf Ali ta bi, ana ta ihun Ali boma ye, wato Ali kashe shi.

Me ya sa? Ali ya zo da tarihinsa. A 1964, da ya karɓe kambu daga Sonny Liston, ya yar da sunan Cassius Clay ya ce sunan bauta ne, ya bayyana Musuluncinsa, a shekarar ya zo Gana da Najeriya da Masar. A 1967 ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku a daidai ganiyar ƙarfinsa, sai a 1971 kotun ƙolin Amurka ta wanke shi. Ya yi aikin hajji a 1972. Duk wanda ya ɗanɗani mulkin mallaka ya ga kansa a jikin mutumin da ya ce wa gwamnati mafi ƙarfi a duniya a'a, ya kuma biya kuɗin a'ar. Foreman kuwa abin da aka sani game da shi shi ne ya ɗaga ƴar tutar Amurka bayan ya ci zinariya a 1968, a wasannin da wasu baƙaƙe biyu suka ɗaga dunƙulen hannu don nuna ɓacin rai. Ya kuma sauka Kinshasa da ƙaton kare irin wanda ƴan sandan Beljiyam ke sakar wa mutane a zamanin mallaka. Ba da mugun nufi ya yi ba, bai san tarihin wurin ba ne. Ali yana fita gudu a titi yara na bin sa, Foreman yana kulle a masauki. Tun kafin a buga ƙararrawa an riga an san ɗan gida da baƙo. Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, ya kwantar da shi a turmi na takwas.

A ƙasar Hausa sunan nan Muhammad ya yi aikin da ba wata tashar tele da za ta iya yi. Ban san gidan da aka ƙi Ali ba a garin nan. Kuma abin lura, a ƙasarsa ta haihuwa sunan ne ya jawo masa ƙiyayya shekaru da yawa, jaridu da dama suka yi ta kiran sa Clay don su ƙuntata masa. Abin da ya rufe masa ƙofa a can shi ya buɗe masa ita daga Dakar har Jakarta. Joshua ma ya ɗanɗani ɗan kaɗan daga wannan. A farkon 2017 ya saka hotonsa a wani masallaci a Dubai tare da abokansa, ko da yake bai ce ya musulunta ba, wasu daga cikin masoyansa na Ingila suka yi masa ca da zagi, a wajenmu kuwa hoton ya ƙara masa daraja.

Foreman ɗin nan kuma, bayan ya bar dambe shekara goma ya zama mai wa'azin coci, ya dawo da tumbi da murmushi, ya sake cin kambu a 1994 yana shekara 45, ya zama abin ƙaunar Amurka baki ɗaya. Ƙasarsa ba ta canja ba, fatarsa ba ta canja ba, labarinsa ne ya canja.

To sai Usyk, wanda shi ne asalin musunku. A nan akwai wani abu na al'adarmu da ban ji ƴan fadarku sun ambata ba, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi a Maraɗi. Mu da dambe da kokawa muka tashi. A kokawa sai an ga kaye. A damben gargajiya in aka yi turmi uku ba wanda ya taɓa ƙasa, cewa ake babu kisa, a raba su, ba wanda ya ci. Idonmu bai saba da nasarar da ake lissafawa a takarda ba. Damben zamani kuwa turmi 12 ne, kowanne minti uku, alƙalai uku na zaune suna ba wanda ya fi maki 10, ɗayan 9 ko ƙasa da haka. Wasannin nan huɗu da ka lissafa, na Joshua a Landan a 2021 da Jidda a 2022, da na Fury biyu a Riyad a 2024, duka da maki Usyk ya ci su. A idon ɗan kallon gidan dambe babu kisa aka yi sau huɗu. Shi ya sa Mike Tyson ya shiga ranmu fiye da kowa bayan Ali. Ya ci kambu a 1986 yana shekara 20, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, zamanin da kaset ɗin bidiyo ke yawo a gidajen kallo. Kisa ba ya bukatar tafinta. Har yau duk yaron da ya cika ƙarfi a unguwa Taisin ake ce masa. Mutanen Meziko ma irinmu ne a nan, suna son mai kutsawa gaba ya sha ya bayar, shi ya sa da Andy Ruiz, haifaffen Amurka mai jinin Meziko, ya kayar da Joshua sau huɗu a Yuni 2019, shugaban Meziko da kansa ya karɓe shi a fada.

Ban da salon dambe, Usyk ba shi da babbar kasuwa a bayansa. Ƙasarsa Yukren na cikin yaƙi, ba za a shirya babban wasa a can ba, duk manyan nasarorinsa a gidan wasu ya yi su. Turancinsa kaɗan ne, barkwancinsa, wanda mutanensa ke cewa yana da shi sosai, ba ya tsallake tafinta. Ko a gida ma ba kullum aka so shi ba. Ɗan Kirimiya ne, da harshen Rasha ya tashi, kuma bayan Rasha ta karɓe yankin a 2014 wasu ƴan ƙasarsa sun yi masa kallon tuhuma don ya ƙi yin maganar da suke son ji. Da yaƙi ya ɓarke a Fabrairu 2022 ya koma gida ya shiga rundunar tsaron gari, daga nan ya zama tutarsu. Yau a Yukren babu ɗan wasan da ya kai shi. Farin jininsa yana nan, a inda kai ba ka gani ne.

In kana son ganin yadda mu kanmu ke zaɓen namu, tuna daren 28 ga Oktoba 2023. Francis Ngannou, ɗan Kamaru, wanda ya yi aikin haƙar yashi tun yana yaro, ya ratsa Najeriya, ya bi ta ƙasarmu ya keta sahara zuwa Aljeriya da Maroko, ya tsallaka ruwa, aka tsare shi a Sifen, ya kwana a titin Paris. Bai taɓa yin damben zamani na kuɗi ba sai ranar, ya kai Fury ƙasa a turmi na uku, alƙalai biyu cikin uku suka ba Fury. Washegari duk fadar da na wuce cewa ake an yi mana fashi. Mana, ka ji. Ba ɗan Nijar ba ne, ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, amma kowa a garin nan yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya bi hanyar Agadas. Da ya zo haɗuwa da Joshua a Maris 2024 gidajen kallo suka rabu biyu, kuma da Joshua ya kwantar da shi a turmi na biyu, na ga masoyan Joshua da suka kasa murna. Ka kwatanta da Tony Yoka na Faransa, mai zinariyar 2016, wanda tashar Canal+ ta zuba masa kuɗi da talla, muna ganin sa a tele ɗinmu kullum. Bai taɓa kama zuciyar kowa a nan ba, a can ma da ya fara faɗuwa a 2022 suka juya masa baya. Makaɗi na iya ɗaga ka, amma in jama'a ba ta ga kanta a jikinka ba kiɗan ba ya daɗewa.

Akwai abin da ke ci mini rai a duk lokacin da irin wannan hira ta taso. Lambar Olamfik ta farko da Nijar ta taɓa samu da dambe aka samo ta. Isaka Dabore, Allah ya ji ƙansa, ya ci tagulla a Munik a 1972, bayan ya je wasannin 1964 da na 1968. Ba babban nauyi ba ne, amma shekara 44 ita kaɗai ce lambar da muke da ita, sai da Alfaga ya ci azurfa a tekwando a 2016. Ka tambayi ƴan fadarku mutum nawa suka san sunan Dabore. Ga ɗan ƙasa, ga hannu, amma mun ba kokawa duk makaɗanmu da filayenmu da ranakun hutunmu, ba mu rage wa dambe komai ba. Ina son kokawa kamar kowane ɗan Maraɗi, amma na ga yara masu tsawo da ƙashi daga Tibiri da Madarunfa da suka zo horo wata biyu suka bari, don ba safa, ba wasa, ba wanda zai zo kallo.

Game da musunku, ga hukuncina. Usyk ya fi Joshua dambe, nesa ba kusa ba, kuma shi ne na farko da ya haɗe kambunan babban nauyi tun bayan Lewis, shekara kusan 25. Joshua ya fi shi jama'a, kuma ba satar ta ya yi ba, gida biyu ne suka haife shi. Ba laifi ba ne ka ci gaba da son Joshua, ni ma ina son sa. Abin da nake roƙonku shi ne ku nemo wasan Usyk da Fury na farko, na Mayu 2024, ku rage murya don kada mai sharhi ya gaya muku abin da za ku gani. Fury ya fi shi tsawo da wajen santimita 15, ya fi shi nauyi da fiye da kilo 15, kuma a tsakiyar wasan Fury ne ke gaba. Ku daina kallon hannu, ku kalli ƙafar Usyk ta dama, da yake bahago ne, yadda kullum take neman wajen ƙafar Fury ta hagu, da yadda yake ta sakar masa hagu a ciki tun turmin farko. Ku bi shi a haka har turmi na tara, inda igiya ce kaɗai ta hana Fury zubewa, alƙalin tsakiya ya shiga ya yi masa ƙirga.